Mutum nawa ke cin abinci a aikin banki da inshora a jahar Damagaram?

Ɗiyar Birni: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina shekarar ƙarshe a Jami'ar André Salifou, kuma abin da na ɗauka zan yi rubutun kammala karatu a kai shi ne aikin yi a ɓangaren kuɗi da inshora a jaharmu: mutum nawa ke ciki, ƙaruwa suke yi ko raguwa daga 2012 zuwa yau. Da farko na zaci aikin mako biyu ne. Yau wata biyu ke nan ina yawo da takardu a hammata. Alƙaluman ƙasa baki ɗaya ana samu, amma da na ce na Damagaram kaɗai nake so sai zance ya watse. Wanda ya san hanya don Allah ya yi mini kwatance.

Ɗan Canji: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin a yi nisa, ni ina cikin lissafin naki? Shekara 19 ina zaune da jakar naira da sefa a bakin kasuwar Dole, yara uku ke aiki a hannuna. In ba ni ciki, to ki gyara taken, ki ce ƴan kwat da karabat kike ƙirgawa.

Ɗiyar Birni: Wallahi Yaya tambayar da malamina ya yi mini ke nan, na rasa amsa.

Malamin Ƙididdiga: A takarda kana ciki, Alhaji. Tsarin da ake rarraba sana'o'i da shi a ƙasashenmu, wanda AFRISTAT ta Bamako ta shirya bisa na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ware wa kuɗi da inshora babi guda, babin K. An raba shi uku: masu karɓar ajiya da ba da bashi, masu inshora, sai masu hidimar da ke kewaye da su, kamar canji da dillancin inshora. Kai a na ukun kake. Sai dai zama cikin babi daban, shiga cikin adadi daban. Adadi daga rajista yake fitowa, kai kuma ba na jin yaranka uku suna da lamba a CNSS, asusun fansho da jin daɗin ma'aikata.

Ɗan Canji: Lambarsu tana wajena, ni ke biyan su kowace yamma.

Malamin Ƙididdiga: To ka gani. Ɗiyata, ga abin da ya sa kike ta zagaye. Hukumar sa ido kan bankuna ta ƙasashen UMOA guda 8, wato na Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, wadda ke Abidjan, tana fitar da rahoto kowace shekara, kuma a ciki akwai yawan bankuna, rassa, asusai da ma'aikata. Rahoto ne mai kyau, amma ƙasa-ƙasa yake tafiya, Nijar dunƙule take a ciki. Na inshora ma haka, CIMA, hukumar kula da inshora da ke Libreville, ƙasashe 14 take dubawa, ba ruwanta da wane ne ke zaune a Zango ko Magarya. Sai binciken gida-gida na INS, hukumar ƙididdiga ta ƙasa, kamar wanda aka yi a 2017 kan aikin yi da sana'o'in da ba su da rajista. Shi yana rarraba jahohi, amma samfuri ne ake ɗauka. Jahar da ƙidayar 2012 ta ba mutum sama da miliyan 3 da rabi, mafi yawansu manoma da makiyaya, in ka ɗebo gidaje ƴan kaɗan daga ciki ma'aikacin banki nawa zai faɗo maka? Ƙila biyu, ƙila biyar. In bana biyu ne baɗi huɗu, kada ki rubuta cewa aiki ya ninka. Sa'a ce kawai ta canza gida.

Baba Mai Ritaya: Malam ya faɗi gaskiya, bari in ƙara da abin da na gani da idona. Na yi shekara 31 a banki, 22 daga ciki a reshen nan garin. Ban taɓa ganin an yi takardar albashina a Damagaram ba. Daga Yamai take zuwa, can ake cire kashi 5.25 na CNSS, can ake biya gaba ɗaya da sunan banki ɗaya. To wanda ya buɗe rajista ya karanta adireshin mai ba da aiki, ina zai ce nake? Ina shan hurar Birni ana ƙirga ni a bakin kogin Isa.

Abu na biyu kuma, ɗiyata, ki yi hattara da yawan rassa. Mutane suna ganin allunan banki sun cika hanya sai su ce aiki ya buɗe. Lokacin da na fara, komai da hannu ake yi, littafin ajiya kamar allon gini, mutum uku ke bin takarda ɗaya kafin ta wuce. Direba namu ne, mai gadi namu ne, ɗan aike namu ne, duka a takardar albashin banki suke. Da kwamfuta ta shigo, ga na'urar cirar kuɗi a bango, sai ya zama reshen da mutum 30 ke riƙewa a da mutum 8 sun ishe shi. Mai gadi kuwa yana nan tsaye a ƙofar da ya saba, amma yanzu kamfanin gadi ke biyan shi, ya fita daga babin K ɗin da Malam yake faɗi ba tare da ya ɗaga ƙafa ba. In kika ga adadi ya sauka, ki tambaya ko mutum ne ya tafi ko sunansa ne aka mai da wani littafi.

Mu da muka ga rushewar bankin BDRN a 1990, aka kafa SONIBANK a bayansa, sannan karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994, mun san yadda ɓangaren nan yake. Ba ya girma a hankali kamar icce, tsalle yake yi, wani lokaci gaba wani lokaci cikin rami.

Ɗiyar Birni: Baba Allah ya ƙara girma. Wannan na mai gadin ban taɓa tunaninsa ba. To in na bi rassan ɗaya bayan ɗaya na tambaya fa?

Baba Mai Ritaya: Za su ce ki rubuto takarda, takardar kuma Yamai za ta tafi. Ki rubuta tun yanzu, da hatimin jami'a, ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma kada ki manta da reshen babban banki BCEAO na nan Zinder. Ma'aikatansa ma ƴan ɓangaren ne, ko da yake uwar gidansu tana Dakar.

Ɗan Sitaji: Ni dai in za a ƙirga a fara da mu. Wata 14 na yi a wani banki da ba zan faɗi sunansa ba, sitaji ana sabuntawa wata uku-uku. Ina buɗe asusu, ina fita kasuwa neman masu ajiya, har gishe na riƙe ranar da kesiya ta haihu. Kuɗin kabu-kabu kawai ake ba ni. Ranar da aka ce za a ɗauki mutum, sai ga wani daga Yamai da jakarsa. A reshen nan mu ƴan sitaji mun kusa kai ma'aikatan yawa. A wane littafi muke?

Malamin Ƙididdiga: A babu, ƙanena, sai dai in kana da katin ANPE, hukumar samar da aikin yi, to a can kana cikin masu neman aiki.

Ɗan Sitaji: Ina da shi. Ashe shekara guda ina aiki ina cikin marasa aiki. Allah ya kyauta.

Malamin Ƙididdiga: Tun da an ambaci ANPE, ɗiyata ki je ofishinsu na jaha. Doka ta ce duk mai ba da aiki ya bayyana yawan ma'aikatansa kowace shekara, kuma sanarwar ɗaukar aiki ta hannunsu take bi. Ko ba ki sami yawan waɗanda ke ciki ba, za ki ga ƙofar shiga: shekara kaza banki ko gidan lamuni ya nemi mutum nawa, kesiye ko kwantabul ko mai bin bashi. Ki haɗa da ARSM, hukumar da ke kula da ƙananan gidajen lamuni, don su yawancinsu a jahohi suke da gindi, ba kamar bankuna ba.

Hajiya Mai Gishe: Kuna ta banki banki. Ku fito ku duba titi mana. Daga tasha zuwa Sabon Gari gishen aika kuɗi nawa ne? Nita, Al Izza, Amana, BNIF Afuwa, ga Airtel Money da Moov da Zamani a kowace kwana. Ɗan cirani da ke Libiya ko Agadas in zai aiko wa uwarsa jika 20 a Tanut ba banki yake zuwa ba. Ni shekara 6 ke nan ina da kiyos, ƴan mata biyu ke zama mini, ɗaya tana da lisansi a kan harkar kuɗi. Aikin da bankin Baba ya daina ɗauka nan ya dawo.

Baba Mai Ritaya: Hajiya ban raina sana'arki ba, amma a kira abu da sunansa. Yarinyar tana da kwantiragi? Tana da hutun haihuwa? In ta kai shekaruna wa zai ba ta fansho? Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga 30,047 zuwa jika 42 a farkon 2024, tana samun su?

Hajiya Mai Gishe: Watan azumi da na layya tana wuce haka. Watan da kasuwa ta mutu ni kaina ba na samun su. Kamisho muke ci, Baba, ba albashi ba. Amma kuɗin da ke bi ta hannunta a yini, wallahi wani kesiyen banki bai taɓa irinsu ba. Kuma in ta yi kuskuren lamba ɗaya daga aljihunta ne. In wannan ba aikin kuɗi ba ne, mene ne, sayar da ƙosai?

Baba Mai Ritaya: Aikin kuɗi ne. Abin da nake gudu shi ne yarinyar nan ta haɗa su wuri ɗaya ta rubuta cewa aiki ya bunƙasa a Damagaram, wani a ofis ya karanta ya ce to madalla, matasa sun samu. Alhali an musanya kujera mai fansho da benci ne.

Hajiya Mai Gishe: Kujerar mutum nawa ta taɓa ɗauka? Benci dai ya fi ta faɗi.

Malamin Ƙididdiga: Gardamar nan taku ba ƙarama ba ce, ƙasa guda ta sha ta. Maƙwabtanmu na Najeriya, hukumar ƙididdigarsu ta ce rashin aiki ya kai kashi 33.3 a ƙarshen 2020. A 2023 ta fito da sabon adadi, kashi 4.1. Ba masana'antu aka gina a tsakani ba, ma'auni aka canza: duk wanda ya yi aikin samun kuɗi ko na awa ɗaya ne a mako ya shiga cikin masu aiki, kamar yadda Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsara. Da wannan mudun Hajiya ce da gaskiya, da mudun rajista Baba ne. Laifin shi ne a auna 2012 da tiya ɗaya a auna bana da wata, sannan a ja layi tsakaninsu.

Wani ƙarin rikici: mai shago da ke sayar da sukari da kati, yana kuma yin Airtel Money a gefe, babbar sana'arsa ake dubawa, sai ya tafi babin kasuwanci. Dubban hannaye na taɓa harkar kuɗi a jahar nan suna ɓoye a can.

Mai Asiransi: Kun manta da mu, kamar kullum. Mu da ba a tunawa da mu sai an hango jandarma a hanyar Mirya. Ƙanwata, ɓangaren asiransi, wato inshora, a nan kusan duka a kan mota yake tsaye, saboda doka ta 200 ta kundin CIMA ta tilasta wa duk mai abin hawa. Asiransin rai, na gobara, na lafiya, sai ma'aikatu da ƙungiyoyi, su kuma a Yamai suke sa hannu. Da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011 mun ga ƙaruwar tankoki da manyan motoci, ofisoshi sun ɗan motsa, amma babban nama can sama ake yanka shi, mu romo ke iso mu.

Abin da zai ruɗe ki shi ne allon da ke ƙofa. Za ki ga sunan babban kamfani, ki shiga ki tarar da mutum huɗu, ki rubuta kamfani kaza ma'aikata huɗu. Ba haka ba ne. Sau da yawa wakili ne mai zaman kansa, shi ya kama hayar ɗakin, shi ke biyan sakatariya, kamfani kamisho kawai yake ba shi. A bayan wakilin kuma akwai irina da muke yawo tasha-tasha da gareji-gareji muna kawo masu mota. Ni ba na cikin takardar kowa.

Shekaru biyu ki riƙe. 2011, lokacin da aka gyara doka ta 13 ta kundin CIMA aka hana ba da asiransi bashi: ba kuɗi, ba kariya. Kafin nan akwai mutanen da aikinsu ke nan bin bashin da ya kwanta, daga ranar aikin ya mutu. Sai 2016, da CIMA ta ɗaga jarin da kamfani zai mallaka daga biliyan 1 zuwa biliyan 5, mataki-mataki. Kamfanin da ke fafutukar cika jari ba ya tunanin buɗe ofis a Gure ya zuba ma'aikata, wakili zai nema.

Ustazun Zango: Ni ina ganin akwai dalilin da ba ku taɓo ba. Yara da yawa masu karatun kuɗi iyayensu ba sa yarda su shiga banki saboda riba, inshora kuma malamai da dama suna da magana a kanta. Wannan ma yana rage masu shiga.

Ɗan Sitaji: Malam da girmanka, ranar da aka manna sanarwar gurbi ɗaya ka zo ka ga layi. Ba masu nema ne suka yi kaɗan ba.

Ustazun Zango: Ban ce babu masu nema ba. Na ce in aka faɗaɗa irin Bankin Musulunci na Nijar da takaful, wato inshorar Musulunci, wanda CIMA ta yi wa doka a 2019, masu ajiya da ke ɓoye kuɗi a gida za su fito, aiki kuma ya bi su.

Mai Zaure: Jama'a hukuncin riba a bar shi sai zaman Juma'a, mun san inda yake kai mu. A ci gaba da taimakon yarinya.

Badamagare a Amurka: Sai yanzu na tashi daga aiki na ga zancen. Ƙanwata bari in gaya miki yadda suke yi a nan, ƙila ki tsinci dabara. Ofishin ƙididdigar ƙwadago, BLS, yana fitar da adadin ma'aikata na kowace jaha duk wata, ɓangare-ɓangare, kuɗi da inshora lambarsu 52. Na wata-wata daga tambayar kamfanoni yake fitowa, don haka kowace shekara sai sun koma sun gyara shi da rajistar harajin da ake biya don tallafin waɗanda suka rasa aiki. Sirrin kuwa shi ne matsalar da Baba ya faɗa sun toshe ta: kamfani mai rassa da yawa akwai takardar da yake cikewa reshe-reshe, kowane da garinsa da yawan mutanensa. Shi ya sa za ka iya ganin cewa Hartford a Connecticut da Des Moines a Iowa garuruwan inshora ne, Charlotte kuma ta banki, ka bi su shekara da shekaru kyauta a intanet.

Amma kada ku ɗauka sun gama da gardamar Hajiya. Wannan lissafin na masu albashi ne kawai. Dillalin inshora mai zaman kansa, irin Yayana Mai Asiransi, a nan ma ba ya ciki, sai a wani binciken na gida-gida.

Mai Asiransi: Ashe har Amurka ba a san da ni ba. To na haƙura.

Malamin Ƙididdiga: Abin da ɗan'uwa ya kawo shi ne shawarar da za ki iya sawa a ƙarshen rubutunki ba tare da kin nemi biliyoyi ba: layi ɗaya a takardar bayyana ma'aikata, inda za a rubuta garin da kowa yake aiki, a kuma riƙa fitar da jimillar jaha-jaha. Bankunan sun san wa ke ina, ai su ke tura su.

Uwar Asusu: Ni ban yi lakwal mai zurfi ba amma ina da tambaya. Mu Mata Masu Dubara, tun da aka fara a yankin Maradi a 1991 har ya iso ƙauyukanmu, muna tara kuɗi kowane mako, muna ba juna bashi, akwai mai riƙe akwati, akwai masu makulli, akwai matan da ke yawo suna koya wa sabbin ƙungiyoyi ana ba su ɗan abin sabulu. A Matamai da Kance mu ne banki. Mu ma K ɗin ne?

Malamin Ƙididdiga: Inna, mai riƙe akwati ba a biyan ta, don haka ba aikin yi ba ne a ma'aunin. Mai koyarwar da ake ba wani abu kuwa tana da hujjar shiga.

Uwar Asusu: To a rubuta mu ko a gefen takarda ne.

Ɗan Canji: Wani abu kuma, ki lura da shekarar da kike aunawa. Farkon 2023 da Najeriya ta canza takardun naira, tsabar kuɗi ta ɓace, yaran da ba su taɓa canji ba suka cika kasuwa da waya a hannu suna karɓar tiransifa suna ba da sefa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli aka sa takunkumi, iyaka ta rufe, bankuna suka taƙaita abin da mutum zai cira, layi har titi. Mu wasu suka bar sana'ar, su Hajiya kuma gishensu ya cika. Da CEDEAO ta ɗage takunkumin a Fabrairun 2024 abin ya sake juyawa. Wanda ya ƙirga mu a Maris da wanda ya ƙirga a Satumba na shekara ɗaya za su rantse ba gari ɗaya suka je ba.

Hajiya Mai Gishe: Cika ya cika, amma kuɗin biya fa? Sai ka ga mutum 40 a layi, akwati babu komai. Kwana nawa na rufe da azahar.

Ɗiyar Birni: Na gode ƙwarai iyayena. Ga abin da na tsayar, ku gyara mini. Zan yi gida uku ba zan haɗa su ba. Na farko masu albashi da lambar CNSS, zan rubuta wa rassan takarda gobe in bi ta ANPE da ARSM, su ne kawai zan iya bi baya har 2012. Na biyu masu cin kamisho da ƴan sitaji. Na uku masu zaman kansu kamar Yaya Ɗan Canji. Biyun ƙarshe ba ni da na baya, don haka zan ƙirga na bana da ƙafata a cikin gari, unguwa-unguwa, in rubuta yadda na yi, wanda zai zo bayana ya maimaita.

Baba Mai Ritaya: Gida ukun sun yi. Mai gadin fa?

Ɗiyar Birni: Zan sa shi a gefe tare da su Inna, Baba.

Malamin Ƙididdiga: Ki ƙirga mutum, ba kiyos ba, kuma ki tambayi kowa ko yana zama a wani gishen, don akwai masu yin safe a nan yamma a can. Ki rubuta ranar da kika je.

Ɗan Canji: In za ki zo wajenmu kada ki zo Alhamis kaɗai, ranar kasuwa ƴan Magarya da na bakin iyaka suna shigowa mu ninka. Ki zo Alhamis ki kuma dawo Litinin. Sannan don Allah ki bar wannan babban littafin a gida, in suka gan ki da shi za su ce ƴan haraji ne suka aiko ki, kowa ya ce shi goro yake sayarwa. Ki fara biyowa ta wajena, rumfa ta uku daga ƙofar gabas, in zagaya da ke.

Ɗiyar Birni: To Yaya, ƙarfe nawa?

Ɗan Canji: Bayan goma. Kafin nan farashin Kano bai iso ba, ba wanda zai saurare ki.